Rasuwar Goggo, Tsohuwar Kibod ta Shagon Shih

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan hannu biyu cike da filasta, Weng Yu-shan, mai buga rubutu a shagon ɗab'i na Maigida Shih da ke bayan kasuwar kifi a nan Tainan, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan ciniki, da duk wanda ya taɓa toshe kunne a bakin ƙofar shagon, cewa Goggo ta riga mu gidan gaskiya.

Ga wanda bai san ta da wannan suna ba, Goggo ita ce tsohuwar kibod ɗin kwamfutar da ke kan teburin gindin matakala. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a kan teburinta, a gaban shaidu, bayan gajeriyar jinya da doguwar gardama a kan ko jinyar ce ko kuwa lalacin mai dannawa. Ba wanda ya riƙe shekarar haihuwarta. An dai ƙiyasta, aka ƙara mata 'yan shekaru kamar yadda ake ƙara wa kowane mamaci mai mutunci, sai ga shi ta cancanci takarda mai ruwan hoda, irin ta tsofaffin da suka ga tattaɓa-kunnensu. Maigida ya so a buga wannan sanarwa a farar takarda saboda ita ce mai araha. An saurari shawararsa cikin ladabi.

Marigayiya ta shigo shagon tun kafin a haifi Yu-shan. A gwanjon kayan wani ofishi da ya rushe Maigida ya same ta, ya ɗaure ta a bayan babur ya kawo ta gida. Waɗanda suka san ƙuruciyarta sun ce fara ce tas kamar sabuwar awara. Da shekaru suka ja, sai ta koma launin romon ƙashi. Doguwa ce, kakkaura, maɓallanta a jere hawa-hawa kamar kujerun filin wasa, kowanne da alamomin rubutunsa a kusurwa huɗu, har yatsu suka shafe rabinsu. Nauyinta kuwa ya wuce misali. Ranar da ƙasa ta yi girgiza, kwalaben tawada suka zube, agogon bango ya faɗo, Maigida ya shige ƙarƙashin injin yankan takarda yana kiran sunan mahaifiyarsa, Goggo ko gezau.

Halayenta na gari ba su ƙirguwa. Ba ta taɓa neman a yi mata caji ba. Ba ta yarda da hulɗar iska irin ta yaran zamani ba, igiyarta ɗaya mai kauri ta riƙe har ƙarshen ranta. Mai amana ce, domin duk abin da aka ba ta ajiya ta adana shi a cikinta: ƙwayar shinkafa, riɗi, ɓawon gyaɗa, gashin gira, allurar maƙala takarda. Ba ta taɓa mayar da ko ɗaya ba, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Ta bakinta aka sanar da rasuwar rabin tsofaffin unguwar nan, da auren 'ya'yansu, da farashin taliyar kowane shago daga nan har bakin gada. Ta jera sunayen marayu ba ta yi kuka ba, ta jera sunayen angwaye ba ta yi dariya ba.

Amma abin da za a fi tuna ta da shi, murya ce. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, in ana tafiya daidai. Dum, in an taɓa dogon maɓallin tazara. Babban maɓallin sauka layi kuwa, ƙwam, kamar an rufe ƙofar kurkuku. Mai sayar da miyar kifi a tsallaken titi ba ya duba agogo, in ya ji Goggo ta fara ya san lokacin ɗora tukunya ya yi. Uwar ɗaki, matar Maigida, wadda ɗakin barcinta ke daidai saman teburin, ta sha faɗa wa ƙawayenta cewa tun da ta shigo gidan nan ba ta san daɗin barcin rana ba, sai dai ta kwanta ta ƙirga harufan mutane.

A nan ne rashin ya fi taɓa Yu-shan. Kowa ya san ta, muryarta ba ta wuce wuyan rigarta. In abokin ciniki ya yi mata tsawa, kanta take sunkuyarwa. In an ba ta canjin da bai cika ba a kasuwa, godiya take yi ta tafi. Goggo ce ke yi mata magana. Idan lokacin tashi ya yi Maigida ya ajiye mata wani tulin aiki ya ce, “A-shan, ɗan ƙarasa wannan, ai ba yawa,” bakinta zai ce, “To, Maigida.” Sai Goggo ta karɓa: ƙwam, ƙwam, ƙwam. Maigida yakan yi murmushi ya ce yarinyar nan akwai himma. Bai taɓa gane zaginsa ake yi ba.

Ba a faɗin aibin mamaci, don haka za a taƙaita. Tsayin Goggo ya sa duk mai son ya kai ga maɓallanta sai ya tanƙwara wuyan hannu sama, kamar ɗan kwikwiyo mai roƙon nama, ya zauna a haka daga safe har fitilun titi su kama. Kowane maɓalli kuma sai an bi shi har ƙasa, kamar ana buga famfo. Bara waccan yatsun Yu-shan suka fara mutuwa. Tsinken cin abinci ya riƙa suɓuce mata a tsakiyar loma. Wata safiya ta zo matse birkin babur a bakin danja, hannun ya ƙi amsawa, sai da ta ja ƙafa a ƙasa. Likita ya murza nan, ya danna can, ya dube ta ta saman tabarau.

“'Yata, ko dai ki canza abin da kike dannawa, ko ki canza sana'a. In kika kai baɗi a haka, sai an yanka.”

Yu-shan ba ta da wata sana'ar. Yatsun nan goma su ne gonarta, su ne ɗakin hayarta, su ne maganin kakarta. Ta yi kwanaki tana gwada jimla ɗaya a gaban madubin banɗaki, sannan ta tsaya a gaban Maigida tana murza bakin riga.

“Maigida, dama kibod ɗin nan…”

“Me ya same ta?”

“Ba komai. Hannuna ne dai…”

“Tana aiki ko ba ta aiki?”

“Tana yi.”

“Ke fa?”

“Ina yi.”

“To ina matsalar? Ku yaran yanzu da alewar auduga aka yi ku.”

Duk da haka kada a ce ba shi da tausayi. Ya buɗe durowa ya zaro tawul ɗaya daga cikin waɗanda ake raba wa masu zuwa jana'iza, ya ninke shi uku da hannunsa, ya ce ta ɗora wuyan hannu a kai. Wannan tawul yana nan da rai, za a dawo kansa.

Tun daga nan Yu-shan ta shiga cin amanar marigayiya a ɓoye, duk ranar Lahadi. Takan je layin masu kayan kwamfuta kusa da tashar jirgin ƙasa, shagon Anti Kuo, wata mata mai faɗin murya da faɗin zuciya, wadda ke shimfiɗa kibod-kibod a kan dogon tebur don a gwada. Yu-shan ba ta tambayar farashi, ba ta gaisuwa sai da kai. Ta dai bi su ɗaya bayan ɗaya tana dannawa.

“Ƙanwata, kin zo gaida su kuma?” in ji Anti Kuo. “Kullum sai kin shafa musu kai, ko ɗaya ba ki kai gida ba. Haya zan fara karɓa.”

Zaɓen bai zo da sauƙi ba. Akwai wata siririya kamar katin banki, kyakkyawa a ido, amma maɓallanta ba su da wurin shiga, kana dannawa kamar kana ƙwanƙwasa tebur, kafin shafi ya cika kan yatsu sun yi tsami. Akwai wata mai fitilu kala-kala masu gudu daga hagu zuwa dama kamar motar bikin haikali, wadda ba ta dace da mai buga sunayen matattu ba. Akwai 'yar ƙarama da aka yanke wa ɓangaren lambobi, alhali aikin Yu-shan rabinsa shekaru ne da ranaku. Akwai kuma baƙuwa daga ƙetare da ba ta da alamomin rubutunmu ko ɗaya. Wannan ta ɗan daɗe a kanta, don ta hango Maigida, mai bugu da yatsa biyu yana laluben kowace alama da hanci, a zaune a gabanta kamar makaho a tashar mota. Amma ta ji tsoron alhaki ta wuce.

Ta ƙarshen tebur ce ta kama ta. Ruwan toka ce, gajera, tsayinta bai fi kaurin yatsa a kwance ba. Da ta ɗora hannu, sai wuyan hannun ya kwanta a miƙe kamar ya dawo gida. Maɓallin ba ya nisa, rabin tafiyar na Goggo, kuma a tsakiyar hanya akwai ɗan tudu da ke gaya wa yatsa cewa harafi ya shiga, ba sai an bi shi har rami ba. Muryarta tib-tib-tib, kamar yayyafi a kan lema. Yu-shan ta manta inda take, yatsunta suka kama abin da suka fi sani. Anti Kuo ta leƙo allon gwaji, ta ga an cika shi da sanarwar rasuwa, har da jerin 'ya'ya da jikoki.

“Ke! Wa kike kashewa a shagona da ranar Lahadi?”

Yu-shan ta sunkuya ta fice. Sai da ta hau babur ta lura ta buga shafi guda cif da gudun da ta manta tana da shi, kuma hannun bai ce komai ba.

Yanzu sai batun cutar ajali. Kamar kowace na'ura mai hankali a ƙasar nan, Goggo ta rayu ne a ƙarƙashin koriyar ledar cincin ɗin masara, wadda ake jingina wa na'ura don kada ta yi gardama. Ƙa'idar ba ta da wuya, yaro ma ya san ta: ledar ta zama koriya, kada kwananta ya wuce, kada kowa ya buɗe ya ci. Duk tsawon rayuwarta ba a taɓa saɓawa ba. A farkon watan jiya ledar ta tsufa, Maigida ya tafi kanti sayo sabuwa, ya tarar masu ruwan ɗorawa ne ake sayar da biyu a kuɗin ɗaya. Ya dawo ya jingina ɗaya a bayan kwamfutar Goggo, ya cinye ɗaya a tsaye. Yu-shan ta ga launin, ta koma kan aikinta.

A cikin makon ne Maigida ya tsaya a bayanta yana gyara mata abin da ba kuskure ba, da kofin shayin madara a hannu, irin haɗinsa na kullum, sukari cikakke da ƙari. Ya miƙa yatsa zai nuna layi, kofin ya bi yatsan. Aka juye Goggo, aka girgiza ta, aka busa mata na'urar busar da gashin uwar ɗaki. Ta farfaɗo, amma ba ta koma daidai ba. Ƙwas ɗinta ya zama ƙwaaas, maɓalli ya shiga sai ya yi tunani kafin ya fito. Sannan masu dubiya suka fara zuwa a layi ɗaya daga bayan kalanda, ƙananan tururuwa jajaye. Sun shiga gaishe ta, ba su fito ba.

Masana sun rabu biyu. Wasu sun ce sukari ne, wasu sun ce ledar ce. Yu-shan ba ta da ilimin raba wannan gardama. Ta dai lura cewa hannu ɗaya ne ya kawo duka biyun.

Aikin ƙarshe na marigayiya shi ne sanarwar rasuwar dattijo Tu, mai shagon gyaran keke. An jera iyalansa yadda ya kamata, babba kafin ƙarami, an duba, an sake dubawa. Yu-shan ta juya ɗauko takarda, sai maɓallin gogewa ya shige shi kaɗai ya maƙale. Kafin ya saki, Goggo ta haɗiye matar babban ɗa ɗungurum, suna da matsayi. Aka buga, aka ninke, aka raba wa dangi har birnin Kaohsiung.

Ranar Litinin da hantsi matar ta iso cikin baƙaƙen kaya, ta buga takardar a kan kantar shago.

“Maigida, duba ni da kyau. Na mutu ne, ko an sake ni ban sani ba?”

“Ranki ya daɗe, a yi haƙuri, yarinyar ce…”

“Ni na yi jinyar tsohon nan. Ni na wanke shi, ni na ba shi abinci a baki. Matar ƙaramin da ba ta san ƙofar asibitin ba tana nan, har karen jikarsu saura kaɗan ku sa, ni ce babu? Yanzu duk dangi na cewa surukata ce ta sa a cire ni!”

“A-shan, ba ki da ido ne?” in ji Maigida.

Yu-shan ta nuna Goggo da yatsa.

“Kibod ba ta cin mutum!” in ji Maigida. “Matsa in nuna miki.”

Ya zauna, ya buga sunansa da yatsa biyu, ya ɗaga hannu ya dirka wa babban maɓallin. Ƙwam. Tururuwa suka ɓullo ta kowace kafa, suka haye masa hannun riga. A kan allo kuma, a gaban kowa, sunan Maigida ya fara ɓacewa daga ƙarshe, harafi bayan harafi, har ya ƙare. 'Yar koriyar fitilar da ke kusurwar Goggo ta ƙifta sau ɗaya ta mutu. Ba ta sake cewa komai ba. Matar ɗan Tu ta dubi farin allon ta ce, “To, yanzu ka ji yadda ake ji.”

Marigayiya ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya mai tari da safe, da linzaminta mai ɗingishi, da injin bugawa wanda bai taɓa shiri da ita ba amma ya yi shiru da aka gaya masa. Ta bar tawul ɗaya, da tururuwa masu yawa waɗanda ba su san wani gida ba sai ita. Ta kuma bar ƙane guda, Kawu, wanda ba wanda ya san da shi sai ranar rasuwar, lokacin da Maigida ya kaɗe hannun riga ya ce, “Kada wanda ya damu. Biyu na sayo a gwanjon nan. Ɗayar na nan ƙarƙashin matakala, a kwalinta.”

Wannan albishir ya fi rasuwar kanta girgiza Yu-shan. Goggo ta cinye mata shekaru, ga Kawu sabo fil da ƙarfinsa, zai cinye sauran, ya haɗa da hannun.

Allah ya taimaka, ƙarƙashin matakalar Maigida ba wurin shiga a fito rana ɗaya ba ne. Akwai kalandun shekarun da suka wuce, da fankoki marasa fuka-fuki, da kwalayen da ke cike da wasu kwalaye. Yana can yana tono, ga sanarwar Tu na jiran a sake bugawa. Da yamma Yu-shan ta hau babur ta tafi wurin Anti Kuo, ta tsaya a ƙarshen tebur, ta ɗora hannu a kan mai ruwan toka.

“Ta mutu,” ta ce.

“Wa?”

“Tamu.”

“Kai, madalla! Wato sannu da rashi. Ɗauki ki gwada mako guda. In tsohon naku ya ƙi saya ki dawo min da ita, ni kuma in zo in ga irin fuskarsa.”

Kwanakin da suka biyo baya, shagon ya yi shirun da bai taɓa yi ba. Aiki na fita da wuri, filasta ta fara kwana a jaka. Mai miyar kifi ya makara ɗora tukunya. Wata la'asar sai ga uwar ɗaki ta sauko tana miƙa, da shatin matashi a kumatu, fuskarta ta rage shekara goma.

“Wai wa ya mutu ne? Shirun ya yi yawa.”

“Goggo ce, Uwar ɗaki,” in ji Yu-shan.

“Allah sarki, baiwar Allah. Ta kyauta.”

Ranar Juma'a Maigida ya fito daga ƙarƙashin matakala da yanar gizo-gizo a gira, rungume da Kawu. Ya ture mai ruwan toka gefe da bayan hannu.

“Mayar musu da farantin nan. Kibod da ba ta da murya, ta ina zan san kina aiki in ina bayan shago?”

“To, Maigida,” in ji Yu-shan.

Ta jira aka ci abincin rana. Ta jira takun uwar ɗaki ya hau matakala, gado ya yi ƙara, fanka ta kama. A da, in wannan lokaci ya yi, takan lallaɓa maɓallai da kan yatsu kamar ɓarawo a kan rufin kwano. Ranar nan sai ta janye tawul ɗin ta ajiye gefe, ta gyara zama, ta ɗaga hannu biyu. Kawu bai taɓa aiki ba a rayuwarsa, duk ƙarfin ƙuruciyarsa na nan a ajiye. Ƙwas ɗinsa ya fi na Goggo kaifi, ƙwam ɗinsa har gilashin ƙofa ke amsawa. Ta buga iyalan Tu kaf, babba da yaro. Ta goge, ta sake bugawa. Wuyan hannunta ya kama wuta har gwiwar hannu, hawaye suka taru mata, ba ta sassauta ba. Maigida daga bayan shago ya ɗaga murya cikin jin daɗi, “Yauwa! Yanzu na ji aiki!”

Uwar ɗaki ta sauko da silifa ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

“Tsoho! Ba an ce ta mutu ba?”

“Ƙanenta ne. Sabo ne fil, a kwalinsa na ciro shi.”

“To ka koma kwalin ku kwana tare. Ina 'yar shirun nan ta jiya?”

“Ta kuɗi ce, ke kuwa. Wannan kuwa kyauta…”

Bai ƙarasa ba, don idonta ya sauka a bayan kwamfutar, inda ledar ke jingine har yanzu. Ta ɗago ta da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

“Wa ya sa wa Goggo ruwan ɗorawa?”

Maigida ya dubi silin. Ya dubi injin bugawa. Ya ce ai duk masara ce.

“Duk masara ce! Kai ka kashe ta, kake neman kashe ni da ƙanenta.” Ta juya. “A-shan, wacce kike so? Buɗe baki, ni ba na jin gyaɗa kai.”

Yu-shan ta dubi Kawu, kamar zai amsa mata. Kawu ba Goggo ba ne, bai san ta ba.

“Gajerar nake so. Hannuna ciwo yake. Likita ya ce yankawa za a yi.”

Ya fito da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya, har mai miyar kifi ya ɗago kai.

“Tun yaushe?”

“Tun bara waccan.”

“Ai na ba ta tawul,” in ji Maigida.

Uwar ɗaki ta dube shi, ta dubi silifar da ke hannunta, ta sake dubansa. Kafin rana ta faɗi ya hau babur da kansa zuwa shagon Anti Kuo, wadda ta samu ganin fuskar da ta yi fata. Domin tarihi ya zama daidai, a rubuta cewa hannu ya yi shekara biyu yana kuka ba a ji ba, barcin rana ya yi kuka sau ɗaya aka share masa hawaye. Yu-shan ba ta raina ba. Ta karɓa hannu biyu, tunda har yanzu tana da su.

Ga tsarin jana'iza.

An wanke marigayiya, an fitar da ajiyar da ke cikinta, an sallami tururuwa. Tana kwance a kan kantar shago cikin kwalin taliya, igiyarta naɗe a ƙirjinta, ga duk mai son yi mata kallon ƙarshe. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su shigo da shayi, ko da rabin sukari ne.

Za a fita da ita ranar Alhamis da yamma, da zarar an jiyo kiɗan motar shara ta karyo kwanar kasuwar kifi. Ba a ɗauki makaɗa ba, kiɗan motar ya isa, kuma Maigida ya yaba da farashinsa. A kula, ba motar gaba mai ruwan ɗorawa za a miƙa ta ba, wannan launi ya yi mata abin da ya yi. Farar motar da ke biye, mai karɓar tsofaffin na'urori, ita ce makararta. Maigida ne zai ɗauke ta, a matsayinsa na wanda ya kawo ta kuma ya raka ta. Kawu zai bi 'yar uwarsa a mota ɗaya. Uwar ɗaki za ta tsaya a bakin ƙofa ta tabbatar kwali biyu ne suka fita, domin an riga an tsamo Kawu sau ɗaya daga bayan buhun shinkafa.

Ba za a raba tawul ba. Guda ɗaya ne, ninki uku, kuma za a mayar wa mai shi a gaban jama'a tare da godiya. Wanda ke son yin alheri ya kawo wa magajiya, mai ruwan toka, koriyar leda, ya duba kwanan da ke jikinta kafin ya biya. Kamar yadda aka saba, in an watse kada kowa ya ce sai mun sake haɗuwa.

Kafin a miƙa gawar, za a ba Yu-shan dama ta danna babban maɓallin sau ɗaya, da dukan ƙarfin da likita ya yarje mata. Wanda abin ya shafa ya saurara da kyau, don shi ne na ƙarshe. Magajiya tana da kirki, tana da sauri, amma ba ta iya zagi ba. Daga safiyar Juma'a, duk wanda ya ajiye wa Yu-shan tulin aiki bayan lokacin tashi ya ce ai ba yawa, kada ya kasa kunne ga tebur. Daga bakinta zai ji amsa. Ta riga ta fara gwaji a gaban madubi.